Baƙi da Fari a Mashigar Gida: Ado ne ko Ɗora wa Kai Aikin Goge-goge?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini da adon gida. Gidan da muke ginawa a Kano ya kai matakin tayil da fenti, kuma maigida ya bar mini zaɓin yadda za a ƙawata mashiga, wato ɗan wurin da ke tsakanin ƙofar shigowa da falo. Faɗinsa mita 2 ne, tsawonsa mita 4, kuma ba shi da taga in ban da ɗan gilashin da ke saman ƙofa. Abin da raina yake so shi ne baƙi da fari tsantsa, masu fitowa ƙarara ba tare da sirki ba: tayil ɗaya baƙi ɗaya fari, bango fari fat, ƙofa baƙa wuluk, sai babban madubi mai baƙin baki. Yayata ta ce in na yi haka na ɗauko wa kaina aikin goge-goge har ƙarshen rayuwata. Ina so in ji ta bakin wanda ya taɓa yin wannan aiki ko ya zauna a gidan da aka yi shi.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma ina ganin yayarki ta fi ki gaskiya. Wannan salo an ɗauko shi ne daga hotunan gidajen Turai da Amurka, inda iska ba ta kwaso jar ƙasa ta watsa a cikin ɗaki, alhali mu nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ko an rufe ƙofa sai ta sami hanyar shiga. Ƙurarmu kuwa ba ta bar wa ɗayansu mafita ba, domin a kan baƙin tayil takan yi fari-fari, a kan farin kuma takan yi ja-ja, ta yadda duk inda ƙafa ta taka sai sawu ya fito. Bayan haka, ni a idona ƙasa mai baƙi da fari sai ka ce allon diraf aka shimfiɗa wa baƙo. Me ya hana ki zaɓi ruwan ƙasa ko ruwan madara, waɗanda suke rufa wa uwargida asiri?

Hajiya Babba:
Ɗan Zazzau, maganar ƙura na yarda da ita, amma cewa haɗa baƙi da fari baƙon abu ne a wurinmu, wannan kam ban yarda ba, ɗana. A gidan da na tashi, zauren mahaifinmu duk shekara kafin Babbar Sallah ake shafe bangonsa da farar ƙasa, ƙasansa kuma daɓe ne. Mata ne ke taruwa, a baza tsakuwa da ƙasa, a jiƙa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi duhu ya zama makuba, a riƙa yayyafawa ana bugu da madaɓi ana waƙa, tun hantsi har la'asar. In daɓen ya bushe sai ya yi duhu yana ɗan ƙyalli, farin bangon kuma ya tashi a kansa, mutum ya shigo daga rana ya ji idonsa ya huta. Gaskiya ne duhun makuba bai kai baƙin tayil na yanzu ba, yana da ɗan ja a cikinsa, amma tsarin ɗaya ne: ƙasa mai duhu, bango mai haske. Ka kuma tuna da luru da saƙi da masaƙanmu suke yi, ai fari ne da baƙin shuni ake jerawa, kuma ba daga Landan suka koyo ba.

Sannan duk wanda Allah ya kai shi Madina ya ɗaga kai a cikin Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga bakunan ginin an jera musu dutse fari da baƙi bi da bi, layi bayan layi har iya ganinka. Ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce abin ya yi masa muni ba.

Injiniya:
Hajiya ta kawo hujja mai ƙarfi, kuma zan ƙara a kanta. Jera dutse mai haske da mai duhu tsohuwar sana'a ce ta maginan Sham da Masar, ta bunƙasa sosai a zamanin Mamlukawa daga ƙarni na 13, kuma har yau ana ganinta a tsofaffin masallatai da gidajen Alƙahira da Dimashƙa. Turawa ma suna da nasu, domin farfajiyar marmara ta fadar Versailles a Faransa da ƙasan majami'ar St Paul a Landan duk baƙi da fari ne. Saboda haka babu wata al'umma da za ta ce salon nata ne ita kaɗai, kuma ina ganin mu bar wannan gefen mu koma kan wurin Maman Biyu.

Abin da ya fi damuna a bayaninta shi ne rashin taga. Farin fenti yana mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, baƙi kuwa bai fi kashi 5 ba, sauran ya shanye. Wuri mai faɗin mita 2 wanda haskensa na rana ɗan gilashin saman ƙofa ne kaɗai, in aka yawaita masa baƙi, ranar da aka ɗauke wuta sai an laluba bango kafin a kai falo. Don haka shawarata ita ce kada a raba launukan biyu daidai wa daida a ko'ina. Bango da silin su zama fari gaba ɗayansu, baƙin kuma a tattara shi a wurare kaɗan da za su ja ido, wato ƙasa, da ƙofa, da bakin madubi. Ƙarfin wannan salo yana fitowa ne daga kaifin iyakar da ke tsakanin launukan biyu, kuma wannan kaifin yana buƙatar fari mai yawa a kewaye kafin a gan shi.

Mai Fenti:
Yallaɓai Injiniya, a takarda maganarka daidai ce, amma ni da nake komawa gidaje bayan shekara ɗaya don gyara, na san abin da yara suke yi wa farin bangon mashiga. Yaro ba ya cire takalmi sai ya dafa bango, kuma da hannun da ya ci ƙosai yake dafawa. Abin da nake ba masu gida shawara shi ne a yi wa ƙasan bangon baƙin fentin mai, daga ƙasa zuwa tsayin mita 1, daga nan zuwa sama a yi fari, a ja layi madaidaici a tsakaninsu da igiya da tef. Fentin mai ana goge shi da tsumma da ruwan sabulu ya koma sabo. Wannan ya ba Hajiya baƙi da farin da take so, ya kuma kare mata bango.

Injiniya:
Malam, ban goyi bayan wannan ba a wurin da ake magana. In ƙasa ta zama baƙi da fari, sannan aka ƙara baƙin mita 1 a bangon dama da na hagu, wurin zai matse, ido kuma ya rasa inda zai sauka. Dabararka tana kyau ne idan ƙasan launi ɗaya ce. A nan gara a sa baƙin tayil na gindin bango mai tsayin santimita 10 zuwa 15, wanda zai tare jiƙar abin goge ƙasa, a yi wa sauran bangon farin fenti irin wanda ake iya wankewa. Ya fi na gama-gari tsada, amma bangon mashiga kaɗai ne, ba gidan duka ba.

Mai Fenti:
To, na ji, sai dai mai wankuwar yana da sharaɗi, domin ɗan sheƙin da yake da shi yana tona duk wani tudu da kwari na filasta. Dole a shafe bangon a goge shi da sanfefa ya yi sumul tukuna, in ba haka ba da an kunna fitila za a ga aikin magini a fili.

Malam Mai Tayil:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka faɗa, kuma tunda ƙasa ita ce sana'ata, bari in yi magana a kanta dalla-dalla, Hajiya, domin a wannan aiki kuskuren da ba a gani a tayil mai launi ɗaya, a baƙi da fari sai ya fito har makaho ya shafa ya ji.

Abu na farko da ke ɓata aikin tun daga kasuwa yake farawa. Mai gida zai je Ƙofar Ruwa ya sami farin tayil a shago ɗaya, baƙin a wani shagon, dukansu an rubuta 40 da 40 a kwali, ya ɗauka ya gama. Sai an zo jerawa a tarar na kamfani ɗaya ya fi ɗayan da milimita 2 ko 3, ko ya fi shi kauri, kuma wannan ɗan bambancin yana taruwa ne layi bayan layi, kafin a kai ƙarshen mita 4 kusurwoyin sun daina haɗuwa. Saboda haka ki tabbata baƙin da farin na kamfani ɗaya ne, samfuri ɗaya, kuma tun a shago a ciro ɗaya daga kowane kwali a haɗa su baya da baya a shafa gefensu da yatsa. In yatsa ya ji tudu, a bar shi.

Game da girma, mutane yanzu 60 da 60 suke so, amma a faɗin mita 2 guda uku ne kawai za su shiga, a bar ragowar santimita 20, kuma guda uku ba sa nuna tsarin, sai dai a ga manyan faci. In 40 da 40 ne, guda biyar ne a faɗi, goma a tsawo, jimla 50, rabi baƙi rabi fari, kuma da yake biyar mara ce, kowane layi da launin da ya fara da shi zai ƙare, gefen dama da na hagu su yi daidai. Wannan shi ne mafi sauƙi da ƙarancin asara.

Amma in ni aka tambaya abin da ya fi kyau, sai in ce a ɗauki 30 da 30 a karkata shi, kusurwa tana kallon ƙofa. Tayil na santimita 30 daga kusurwa zuwa kusurwa kimanin santimita 42 ne, guda huɗu sun ba da wajen 170, sai ragowar 30 a raba ta biyu a yi baƙin baki na santimita 15 a kowane gefe, ya kewaye tsarin. Karkatarwar tana sa ido ya bi layukan zuwa gefe maimakon ya miƙe zuwa falo, wurin sai ya yi kamar ya fi faɗinsa. Illarsa ita ce yanka ya fi yawa, don haka ana ƙara kashi 15 cikin 100 a lissafi maimakon kashi 10 ko ƙasa da haka, kuma kuɗin aiki ya fi, domin ba kowane yaron da ya iya riƙe cebur ne zai iya shi ba. Daga tsakiyar ɗaki ake fara ja igiya, ba daga bango ba, saboda da wuya ka sami bangon da ya miƙe sak.

Maman Biyu:
Malam, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To maganar ƙurar da Ɗan Zazzau ya kawo fa? Ita ce har yanzu take tsaya mini a rai, domin mai taya ni aiki ba kullum take zuwa ba.

Malam Mai Tayil:
Ƙura kam za a gan ta, Hajiya, duk wanda ya ce miki ba za a gani ba yana son ya sayar miki da kaya ne. Amma akwai bambanci mai yawa tsakanin tayil da tayil. Baƙi mai sheƙi sosai shi ne uban wahala, domin bayan ƙura yana nuna sawun ƙafa, yana kuma nuna farin tabon da ruwan rijiyar burtsatse yake bari in ya bushe. Ki nemi marar sheƙi, wanda baƙinsa ya ɗan yi gawayi-gawayi, farin kuma mai ɗan jijiyar toka irin ta marmara. Daga nesa baƙi da fari za a gani, amma ƙurar yini ɗaya za ta ɓace a cikinsu. Simintin cike rata kuma kada ki yarda a sa fari, cikin wata biyu zai koma ja, kuma ba ya wankuwa. A sa ruwan toka mai duhu.

Ɗan Zazzau:
Kun gani ko? A hankali ana ta janye baƙin ana janye farin, yanzu mun koma gawayi da toka. Ashe dai maganata ce ake dawowa gare ta ta bayan gida.

Injiniya:
Ba haka ba ne, ɗan uwa. Kai ka ce a bar salon gaba ɗaya a koma ruwan ƙasa, Malam kuwa ya ce a zaɓi fuskar tayil da za ta jure wurin. Gawayi kusa da fari har yanzu ido baƙi yake karanta shi. Kuma rashin sheƙin yana da wani dalili da ya fi ƙura muhimmanci, wato santsi. Mashiga ita ce wurin da ake shigowa da jiƙaƙƙen takalmi a watan Agusta, ita ce kuma wurin da dattijo yake tsayawa a ƙafa ɗaya yana cire takalmi. Tayil mai sheƙi da ɗigon ruwa a kansa ya isa ya karya ƙugun tsohuwa. In da hali a sayi irin tayil ɗin da ake kira fosilin, wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, ya kuma fi tayil na gama-gari jure yashin da takalmi ke shigowa da shi. Yashin nan shi ne yake kankare fuskar baƙin tayil har ta dushe, don haka darduma mai kaushi a waje da wata a ciki sun fi kowane sabulu amfani.

Baƙon Damagaram:
Gaisuwa ga jama'a daga Damagaram. Ina so in koma kan maganar Hajiya Babba, domin ta tuna mini da abin da na gani a kudancin Burkina Faso, kusa da iyakar Ghana, a garin Tiyebele na al'ummar Kasena. Matan garin ne suke zana bangon gidajensu da baƙi da fari da jar ƙasa, da siffofin kusurwa uku da layuka masu karkata, in sun gama kuma su shafe zanen da ruwan dafaffen ɓawon ɗorawa don ya jure ruwan sama, wato dai dangin makubar da Hajiya ta ambata. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa fadar sarkin garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Can ma hunturu yana busawa kamar nan, bai hana su ba. Abin da na lura shi ne ba su bar baƙin da farin su kaɗai ba, jar ƙasar tana tsakaninsu tana sasanta su. Maman Biyu, ko za ki bar wa abu ɗaya mai launin ƙasa wuri a mashigar taki, kamar benci na katako ko faifai biyu uku a bango? Haka ma tsofaffin gidajen unguwar Birni a nan, adon yana taruwa ne a kewayen ƙofar zaure, sauran bangon a bar shi ya huta.

Hajiya Babba:
Madalla da wannan shawara. 'Yata, benci ma dole ne, ba don ado ba. Mu da gwiwa ta fara ciwo ba ma iya sunkuyawa a tsaye. A yi shi da wurin ajiye takalma a ƙarƙashinsa mai murfi, domin duk kyan tayil ɗinki in silifa goma sha suna warwatse a kansa ranar suna ko ranar Sallah, babu wanda zai ga baƙi balle fari.

Alaramma:
Ina da ƙaramin tsokaci, tunda an zo maganar abin da za a rataya. Rubutun Larabci da baƙar tawada a kan farar takarda yana shiga wannan tsari sosai, kuma muna da marubuta da masu zayyana a Kano da za su yi shi da hannu da alƙalamin kara. Sai dai in ayar Alƙur'ani ce ko sunan Allah, a ɗaga shi sama da kai, kada a sa shi dab da ma'ajin takalma ko inda yara za su riƙa dafawa. Wanda ya ga wurin ba zai ba da wannan girmamawar ba, ya wadatu da zanen dagi ko zayyana marar rubutu.

Maman Biyu:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma zan kiyaye. Saura ƙofa da fitila, ba a ce komai a kansu ba. Ƙofar ta ƙarfe ce kuma yamma take kallo.

Injiniya:
Tunda yamma take kallo, Hajiya, kada a yi wa bayanta na waje baƙi sai in akwai rumfa ko baranda da ke tare mata rana. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, baƙin ƙarfe kuwa da ya sha ranar azahar zuwa la'asar ba ya taɓuwa da hannu, zafin kuma cikin mashigar zai riƙa sakewa har bayan magariba, fentin ma ya yi saurin dushewa. Ana iya yi wa fuskar ciki baƙi, ta waje a yi mata launi mai haske, babu dokar da ta ce sai sun zama ɗaya. Fitila kuma a guji farin kwan nan mai shuɗi-shuɗi da aka rubuta wa 6500K, yana sa fari da baƙi su yi sanyi marar daɗi. A nemi mai 3000K, haskensa yana da ɗan ɗumi. Madubin a rataye shi a bangon gefe inda zai kama hasken gilashin saman ƙofa, kada ya fuskanci ƙofar falo, don kada baƙon da ke tsaye a bakin ƙofa ya hango iyali ta cikinsa.

Ɗan Zazzau:
Wannan ta ƙarshen na yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin aikin zaure tun asali shi ne tsare idon baƙo daga cikin gida. A kan tayil kuwa ina nan a kan bakana, zan jira Hajiya ta ba mu labari a watan Janairu.

Maman Biyu:
In Allah ya kai mu za ka ji, Ɗan Zazzau, ko da labarin bai yi mini daɗi ba. Na tsaya a kan 30 da 30 a karkace mai baƙin baki, marar sheƙi, da farin bango da bencin katako. Malam Mai Tayil, guda nawa zan ce wa maigida ya saya?

Malam Mai Tayil:
Wurin murabba'in mita 8 ne, tayil na 30 da 30 kuma guda 89 ne ke rufe shi in babu yanka, da ƙarin kashi 15 ya kama wajen guda 100. Kada ki raba su hamsin da hamsin, domin bakin kewaye duk baƙi ne, don haka baƙin ya fi farin yawa, kamar 60 da 40, sannan na gindin bango lissafinsa daban, sai an auna an cire faɗin ƙofofi. Kafin a kwaɓa siminti ki sa mai aikin ya jera su a bushe ki tsaya a bakin ƙofa ki duba, in tsawon bai cika daidai ba a tura guntun zuwa bakin ƙofar shigowa inda darduma za ta rufe shi. Abin da ya rage kuma kada a bari leburori su tafi da shi, ki ajiye aƙalla guda biyar na kowane launi a sito, domin ranar da ɗaya ya fashe bayan shekara uku da wuya ki sake samun irinsa a kasuwa.